Ƙididdigar Ma'aikata: Ɗalibin Harshe Ma Yana da Ta Cewa

Gabatarwa

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawa daga cikinmu ɗaliban Hausa ba ma ga-maciji da lissafi. Wasu ma in za su faɗi tsakaninsu da Allah, tsoron alƙaluma ne ya koro su zuwa nazarin harshe tun daga sakandare. Shi ya sa idan muka ga 'yan'uwanmu na sashen kasuwanci ko na akanta sun haɗa kai da gwiwa a kan jingar da aka ba su a kwas ɗin ƙididdigar kasuwanci, sai mu wuce muna cewa a zuci, Allah ya raka taki gona.

Ga wanda bai taɓa leƙa irin wannan jinga ba, ga yadda take. Malami yakan ba ɗalibai jadawali mai ɗauke da bayanan ma'aikatan wani kamfani: shekarun kowa, namiji ne ko mace, tsawon lokacin da ya yi yana aiki, albashinsa, da kwanakin da ya yi fashi. Sai a ce su fitar da matsakaicin albashi, su zana hoton da ke nuna yadda alƙaluman suka kasu, su kuma faɗi ko akwai dangantaka tsakanin daɗewa a aiki da yawan albashi. Sau da yawa daga littafin ƙasar waje ake ɗauko jadawalin, na wani kamfani da ke Amurka ko Ingila, wanda ɗalibin bai taɓa ganin ko ƙofarsa ba. Yana gamawa a ba shi maki, shi ke nan, an rufe babi.

Ra'ayina a wannan 'yar maƙala bai wuce abu biyu da ke manne da juna ba. Na farko, ya kamata a riƙa gina irin wannan jinga a kan ma'aikatan da muke zaune tare da su. Na biyu, da zarar an yi haka, aikin ba zai yiwu ba sai da ɗalibin harshe, domin kafin a ƙirga mutum sai an yi masa suna, kuma sai an yi masa tambaya da harshen da yake ji. Zan ɗauko misalaina daga Jihar Kaduna, musamman garin Kasuwan Magani da yankin Kafanchan.

Lamba Kan Raba Mutum da Abincinsa

Wanda yake ganin ƙididdigar ma'aikata wasan aji ce kawai, to ya tuna abin da ya faru a Jihar Kaduna a shekarar 2017. A waccan shekara gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar gwaji, da tambayoyi irin na 'yan aji huɗu. Aka sanar da cewa malamai 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 da aka gindaya ba, wato kusan biyu bisa uku ke nan. Aka sallame su, aka kuma ce za a ɗauki sababbi 25,000. Ƙungiyar malamai ta NUT ta yi fatali da matakin, ta ce maki 60 aka yi yarjejeniya a kai, har ta shiga yajin aiki a watan Janairun 2018. Abin ya shafi dukkan ƙananan hukumomi 23 na jihar, tun daga Zariya har Jama'a da Kaura da Kajuru.

Ba ina so in ta da tsohuwar gardama ba ne. Iyayen yara suna da gaskiya da suke son ƙwararrun malamai, su ma malaman suna da haƙƙin a auna su da adalci. Abin lura shi ne, yawancin cece-ku-cen da aka yi a majalisu da tashoshin mota da gidajen rediyo ya tsaya ne a kan lamba ɗaya tilo, wato 21,780. Alhali kuwa wanda ya ɗan san ƙididdiga zai yi wasu tambayoyi kafin ya yanke hukunci. Malamai nawa ne suka sami tsakanin maki 60 da 74? Nawa ne suka kasa kaiwa ko 30? Yaya sakamakon malaman ƙauye yake idan aka gwada shi da na malaman birni? Shin jarrabawar ta auna iya koyarwa ne, ko kuwa sanin amsa kawai? Ai wanda ya sami 74 da wanda ya sami 14 ba ɗaya suke ba, amma kalma ɗaya aka lulluɓe su da ita: sun faɗi.

Abin da ya biyo baya ya ƙara fito da muhimmancin waɗannan tambayoyi. A 2018 an sake sallamar fiye da 4,000 daga cikin sababbin malaman da aka ɗauka, bisa dalilin cewa su ma ba su cancanta ba. Sannan a watan Disambar 2021 aka sake yin wata jarrabawar, aka kuma sanar da korar malamai 2,357 a watan Yunin 2022. Daga cikinsu 2,192 an kore su ne saboda ƙin zama jarrabawar, har da shugaban NUT na ƙasa, Audu Amba. Waɗanda aka kora saboda rashin ƙoƙari su 165 ne kacal daga cikin 27,662 da suka zauna, wato ba su kai ko kashi 1 cikin 100 ba. A wannan karon ƙasa da maki 40 ne ke jawo kora, waɗanda suka sami 40 zuwa 74 kuwa aka ce za a ba su horo da wata dama.

To, mai karatu, duba nan da kyau. Jiha ɗaya, gwamnati ɗaya, amma a karo na farko an ja layin kora a 75, a karo na biyu an ja shi a 40. Gaskiya ne malaman da suka zauna ta biyun ba duka ne na farkon ba, saboda haka ba za a gwada sakamakon biyu kai tsaye ba. Duk da haka darasin a fili yake: mutum ne ke zaɓar inda za a ja layi, kuma ma'anar "ya ci" ko "ya faɗi" daga bakin mutum take fitowa. Wannan kuwa magana ce ta ma'ana, fagen da muke taƙama da shi.

Wane ne Ma'aikaci?

Malaman firamare aƙalla suna da fayil da lamba da takardar ɗauka aiki. Mafi yawan masu neman abinci a ƙasar nan ba su da ko ɗaya daga ciki. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2023 ya nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya suna yin sa ne ba a ƙarƙashin tsarin hukuma ko na kamfani mai rajista ba. Ke nan idan jingar aji ta tsaya ga ma'aikatan ofis kawai, ta bar jaki tana dukan taiki.

Mu ɗauki Kasuwan Magani, garin da ke Ƙaramar Hukumar Kajuru a kan hanyar Kaduna zuwa Kachiya, wadda ta zarce har Kafanchan. Kasuwar garin tana ci ranar Alhamis, kuma Adara da Hausawa da Fulani da Gbagyi da sauran jama'a duk a nan suke haɗuwa, Hausa ce kuma harshen ciniki. A ce an tura ɗalibi ya ƙirga ma'aikatan wannan kasuwa. Wa zai rubuta, wa zai bari? Akwai yaron shago da ba a biyansa a wata, sai dai ci da sha da alkawarin sallama bayan wasu shekaru. Akwai ɗan dako da mai turin baro da ake biya a kan kowane buhu. Akwai dillali mai cin la'ada, da ɗan kamasho a tasha, da mai awo, da mai ɗinkin buhu, da mai gadin rumfuna da dare. Akwai yarinyar da ke riƙe wa mahaifiyarta tallar abinci ba a ba ta ko sisi. Akwai manomin da ranar Alhamis kawai yake zama lebura, sauran kwana shida yana gona. A jadawalin littafin Turawa gurbi ɗaya ne aka tanada, wato albashi. A nan kuwa akwai albashi, akwai lada, akwai la'ada, akwai kamasho, akwai jinga, akwai ƙwadago, akwai sallama, kuma kowace kalma tana nuna wata irin hulɗa daban tsakanin mai aiki da ubangidansa. Wanda bai rarrabe waɗannan kalmomi ba, duk iya lissafinsa, shirme zai tara.

Haka abin yake wajen yin tambaya. Ka tsayar da matashi ka ce masa, "Kana da aiki?" Zai iya ce maka, "Wallahi babu, muna dai ɗan buga-buga," alhali tun asuba yake sauke kaya. A kunnen jama'a da yawa, aiki shi ne na gwamnati ko na kamfani, saura kuwa sana'a ce ko neman na tuwo. Ka tambayi matar aure mai suyar ƙosai ko awara a cikin gida, za ta ce ita ba ta aiki, alhali da ribar nan ake sayen sabulu da littattafan yara. Idan aka canza tambayar aka ce, "A cikin kwana bakwai da suka wuce, ka yi wani abu da ya kawo maka kuɗi, ko sana'a ko noma ko dako?" amsar za ta canza, lambar ƙarshe ma za ta canza.

Kada a ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi a Nijeriya ya kai kashi 33.3 cikin 100. Da ta fitar da sabon rahoto a watan Agustan 2023, sai ta ce kashi 4.1 ne a farkon shekarar. Ba wasu masana'antu aka buɗe a tsakani da suka kwashe miliyoyin matasa ba. Ma'anar kalmar aka sauya. A da, wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba ana lissafa shi cikin marasa aiki. A sabon tsarin, wanda ya bi ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, duk wanda ya yi aikin samun kuɗi ko na awa ɗaya ne a cikin kwana bakwai, to mai aiki ne. Da wannan ma'auni, mai turin baron da ranar Alhamis kawai yake samun lodi ya fita daga sahun marasa aiki, ko da kuwa aljihunsa bai shaida ba. Jama'a da dama sun yi ta cewa ƙarya hukumar ta yi. A ganina ba ƙarya ba ce, sai dai an ba mutane lamba ba tare da an fassara musu ma'anar da ke bayanta da harshen da suke fahimta ba. Wa ya kamata ya yi wannan fassara in ba mu ba?

Akwai kuma tambayoyin da al'ada ta yi wa shinge. Ba kasafai Bahaushe ko maƙwabcinsa ke faɗin abin da yake samu ba. Ka tambaye shi, ya ce, "Alhamdu lillahi, ana lallaɓawa." Wani yana tsoron baki, wani yana zaton jami'in haraji ne ya zo da sabon salo, wani kuma yana ganin ko tallafi za a raba sai ya rage. Shekarun haihuwa ma haka: masana ƙidaya sun daɗe da lura cewa a inda ba a cika rubuta ranar haihuwa ba, amsoshi sukan taru a kan 30 da 35 da 40, domin mutane kintata suke yi. Wanda ya karanci al'ada da zantukan hikima ya san yadda ake zagayawa a tambayi mutum ba tare da an ci fuskarsa ba, misali a tambaye shi buhu nawa ya ɗauka yau, nawa ake biyan kowane buhu, sai a yi lissafin daga baya.

Matsakaici Mai Ruɗi

Da na ce aikin na harshe ne, ba ina nufin mu tsaya a bakin ƙofa ba. Akwai ɗan lissafin da ya wajaba kowannenmu ya iya, kuma bai kai wahalar ƙirar kalma ko tsarin sauti da muke fama da su ba. Ga misali na ƙirƙira. A ce wani ɗan kasuwar hatsi yana da mutum goma. Manajansa yana karɓar Naira 200,000 a wata, akawunsa 100,000, leburori takwas kuma kowa 25,000. Jimla 500,000 ke nan. Idan aka raba gida goma, matsakaicin albashi ya zama 50,000. Lissafin daidai ne, amma a cikin mutum goman nan babu ko ɗaya da ke karɓar 50,000, kuma takwas daga cikinsu rabin haka suke samu. Idan kuwa aka jera su daga ƙarami zuwa babba aka ɗauki abin da na tsakiya ke karɓa, sai a ga 25,000. Mai gida zai so a buga lambar farko, leburori kuma ta biyu ce ke faɗin halin da suke ciki. Ɗan jarida ko mai fassarar da bai san wannan bambanci ba, zai karanta wa jama'a "matsakaicin albashi" a rediyo, ya yaudare su ba da niyya ba.

Har ila yau, a watan Yulin 2024 an mayar da mafi ƙarancin albashi na ƙasa Naira 70,000, daga 30,000 da aka sa a 2019. Sai dai dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka kuma ba ta shafi masu aikin kamasho ko jinga ko aikin gona na lokaci-lokaci ba. Wato kusan duk waɗanda muka lissafa a Kasuwan Magani suna wajen inuwarta. Ɗalibin da ya yi jinga a kan ainihin mutanen nan zai gano wannan da kansa, abin da jadawalin kamfanin Amurka ba zai taɓa koya masa ba.

Wani abin kuma shi ne zaɓen waɗanda za a tambaya. Ba a iya tambayar kowa, sai a ɗauki samfur, kamar yadda mai sayen masara ke zura hannu cikin buhu. Amma kowa ya san wanda ya duba saman buhu kawai yana iya kwasar ƙaiƙayi zuwa gida. Ɗalibin da ya je kasuwa ranar Litinin, ko ya tsaya a rumfunan bakin titi, ko ya tambayi maza kawai saboda kunya, ko ya je da damina lokacin da 'yan cirani suka koma gona, samfurinsa saman buhu ne.

Suna Linzami

Akwai wani gurbi a jadawalin ma'aikata da masu lissafi ba su cika damuwa da shi ba, alhali nan ne rikici yake, wato gurbin suna. Tun 2007 Gwamnatin Tarayya ta fara amfani da tsarin biyan albashi na IPPIS don maganin ma'aikatan bogi, kuma a watan Fabrairun 2016 Ma'aikatar Kuɗi, a zamanin minista Kemi Adeosun, ta sanar da cire sunaye 23,846 daga jerin masu karɓar albashi bayan an gwada su da lambar banki ta BVN. Irin wannan tantancewa gwada suna da suna ce. To, mu kuwa mun san yadda ake rubuta suna ɗaya ta hanya huɗu ko biyar: Muhammad, Mohammed, Muhammadu, Mamman. Mun san mutum yakan ɗauki sunan garinsu ya mayar na mahaifi, har a sami mutum uku masu suna iri ɗaya sak a ma'aikata guda. Kwamfuta ba ta san wannan ba. Tana iya ɗaukar mutum ɗaya a matsayin biyu, ko ta haɗe mutum biyu su zama ɗaya, ma'aikacin gaskiya ya wayi gari an tsayar masa da albashi.

Daɗin daɗawa, a Kudancin Kaduna suna ba ya nuna ƙabila ko addinin mai shi kai tsaye. Sunayen rana irin su Ɗanladi da Ɗanjuma da Talatu da Laraba, da sunaye irin su Yakubu da Musa da Ishaku da Maryamu, za ka same su a gidajen Bajju da Atyap da Ham da Adara kamar yadda za ka sami wasunsu a gidajen Hausawa. Amma duk lokacin da aka fitar da jerin waɗanda aka ɗauka aiki ko aka sallama, sai ka ga wasu sun zauna suna ƙirga sunaye, su fito da kaso, su ce an danne ɓangare kaza. Wannan ma ƙididdiga ce, amma gurguwa, kuma mai haɗari. Wanda ya nazarci sunaye shi ya fi kowa cancantar ya ce a dakata.

Abin da Masu Suka Za Su Ce

Na san akwai masu ganin wannan shawara tsokanar tsuliyar dodo ce. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ta tsaro, kuma ba abin rainawa ba ce. Kasuwan Magani ta sha wuya. An yi rikici a can tun 1980, aka sake yi a watan Fabrairun 2018, sannan a ranar 18 ga Oktoban 2018 aka yi wanda 'yan sanda suka ce mutum 55 sun rasu a cikinsa. Rahotannin lokacin sun ce daga saɓani tsakanin masu turin baro abin ya faro, kafin ya rikiɗe ya zama na ƙabila da addini. Daga baya gwamnatin jiha ta sake gina kasuwar. A wuri irin wannan, baƙo mai takarda da biro yana tambayar wa ke aiki a ƙarƙashin wa, yana iya ta da hankali.

Amsata ita ce, wannan dalili ne na a koya wa ɗalibi ladabin aikin, ba na a hana shi ba. Ba a shiga kasuwa sai ta hannun sarkin kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin sana'a na kowane ɓangare. Ba a rubuta sunan kowa ko lambar wayarsa. Ba a sa gurbin addini ko ƙabila in dai tambayar binciken ba ta buƙace shi ba, kuma jingar aji ba ta buƙatarsa. Ko ƙidayar jama'a ta ƙasa da aka yi a 2006 ba ta tambayi addini da ƙabila ba, saboda sanin abin da hakan kan haifar. Bugu da ƙari, tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Nijeriya, wadda ta ɗora wa mai tattara bayanan mutane nauyin kiyaye su da kuma yin amfani da su a kan abin da aka tara su dominsa kawai. Idan kuma malamai suka ga lokaci bai dace a je wani wuri ba, ai kasuwanni da tashoshi da makarantu ba su ƙare ba. Sannan mu tuna, rashin sanin halin da 'yan dako da leburori ke ciki bai taɓa kawo zaman lafiya ba. Inda babu sahihin bayani, jita-jita ce ke cin kasuwa.

Suka ta biyu ita ce, kowa ya tsaya a fagensa, wai mu adabi da nahawu aka kawo mu koya. To, amma ina muke zuwa bayan kammala karatu? Wasunmu aji za su shiga, su zama lamba a jadawalin hukumar ilimi, kamar malaman 2017. Wasu gidan rediyo ko jarida, inda za a miƙo musu rahoton kasafi ko na rashin aiki a ce su fassara kafin labarun ƙarfe shida. Wasu kuma ƙungiyoyi ne za su ɗauke su aikin fassara takardun tambayoyi da yi wa jama'a tambaya a ƙauyuka. Ko kundin digirinmu ma, sau nawa muke raba takardun tambayoyi mu fitar da kaso cikin ɗari ba tare da mun san ƙa'idar abin ba? Tunda ba za mu tsere wa alƙaluma ba, gara mu san su.

Shawarwari

Da farko, ina roƙon malamanmu da su ware wasu makonni a kwas ɗin dabarun bincike don koyar da ƙididdiga mai sauƙi cikin Hausa: matsakaici, da adadin tsakiya, da kaso, da zaɓen samfur, da karanta jadawali.

Na biyu, a riƙa ba da jingar haɗin gwiwa tsakanin ɗaliban harshe da na kasuwanci ko ƙididdiga. Ɗaya ya tsara tambaya ya yi hira, ɗaya ya yi lissafi, sannan su zauna tare su fassara sakamakon. Yankin Kafanchan bai rasa wuraren da za a yi wannan ba: ga reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan, ga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ga kuma Makarantar Ƙididdiga ta Tarayya a Manchok cikin Ƙaramar Hukumar Kaura.

Na uku, ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa ta ɗauki aikin tattara kalmomin ƙwadago da biyan lada daga bakin masu sana'a, da kuma daidaita kalmomin ƙididdiga. Magabata sun share hanya da littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Saura namu.

Na huɗu, mu guji ɗabi'ar nan ta zama a ɗakin kwana ko gindin mangwaro a cike takardun tambayoyi hamsin da hannu ɗaya. Wanda ya saba ƙirƙiro amsa yana ɗalibi, shi ne gobe zai ƙirƙiro ma'aikacin bogi a ofis.

Na biyar, duk abin da aka gano a mayar wa waɗanda aka tambaya, da Hausa mai sauƙi, ta hannun shugabanninsu. Ɗan dakon da ya ajiye lodi ya ba ka minti goma yana da haƙƙin ya ji abin da amsarsa ta haifar.

Kammalawa

'Yan'uwa ɗalibai, a bayan kowane layi na jadawalin ma'aikata akwai mutum mai iyali, kuma abin da aka rubuta a layin nan yana iya ƙara masa albashi ko ya raba shi da aiki. Mun ga yadda matsar da layi daga 75 zuwa 40 ya bambanta makomar malamai, mun ga yadda sauya ma'anar kalma ɗaya ya mayar da 33.3 ya koma 4.1. Masu lissafi sun iya tarawa da rabawa, amma abin da za a tara da kalma ake tantance shi, kuma da baki ake tambayo shi. Saboda haka idan ka sake ganin abokinka na sashen kasuwanci yana fama da jadawalinsa, ja kujera ka zauna, ka tambaye shi su wane ne mutanen nan, wa ya yi musu tambaya, kuma da wane harshe. Shi zai ƙaru da kai, kai ma ka ƙaru da shi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.